Alheri da Tsarkakewa: Yadda Mai Bi Yake Girma Bayan Ya Tuba

Akwai wata tambaya da takan taso a zuciyar mai bi bayan ya yi 'yan shekaru da baftisma, ko da yake kaɗan ne suke iya furta ta a gaban fasto ko dattawan ikkilisiya. Mutum yakan tambayi kansa cewa idan har ya tuba da gaske, kuma Ruhu Mai Tsarki yana zaune a cikinsa kamar yadda aka koya masa a ajin baftisma, me ya sa zafin zuciyar da yake fama da shi tun yana saurayi bai bar shi ba, me ya sa kuma har yanzu ransa yakan sosu idan ya ji maƙwabcinsa ya samu ci gaba. Amsoshi biyu ne aka fi ba irin wannan mutum. Wasu sukan ce masa tubansa bai cika ba, sai ya sake fita gaba a taron farkawa mai zuwa, har a sami wanda ya miƙa ransa ga Almasihu sau biyar ko shida bai sami kwanciyar rai ba. Wasu kuma sukan ce ya daina damun kansa, ai alheri ya riga ya rufe komai. Amsa ta farko takan jefa mutum cikin fargabar da ba ta ƙarewa, ta biyun kuma takan sa shi barci a inda ya kamata ya yi tsaro, kuma a ganina dukansu sun samo asali ne daga rashin fahimtar yadda alheri da tsarkakewa suke haɗuwa.

Ya kamata a fara da kalmomin kansu, domin Bahaushe ya daɗe da sanin alheri da tsarki kafin a kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, kuma ma'anar da ya saba da ita takan biyo shi har cikin majami'a. A zaman yau da kullum, alheri abu ne da ake ramawa. Matar da aka kai wa gudummawa ranar bikin 'yarta takan riƙe lissafin abin da kowa ya kawo, wani lokaci har a rubuce, domin ranar da bikin ya zagayo kan mai bayarwa ta mayar da abin da ya kai wannan ko ya fi shi. Shi ya sa muke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan al'ada ce mai kyau wadda ta riƙe zumunci shekara da shekaru, amma idan aka ɗauke ta aka auna alherin Allah da ita, sai mai bi ya ɗauka cewa ceto wata gudummawa ce da Allah ya kawo masa, sauran rayuwarsa kuma ta biyan bashi ce. Manzo Bulus ya rushe wannan lissafi a Romawa 5:8, inda ya nuna cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, wato a lokacin da babu wani abin da muka taɓa kai masa, babu kuma abin da za mu iya mayarwa. Alherin da Sabon Alkawari yake magana a kai kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, kuma mai bayarwar ya san sarai cewa ba za a iya rama masa ba.

Haka ma kalmar tsarki. Kunnen Bahaushe yana jin ta ne da ma'anar wanke jiki da tufa daga ƙazanta, abin da ake yi da ruwa, a gama shi cikin ɗan lokaci, a kuma sake yi idan ya ɓaci. Tsohon Alkawari ya san irin wannan tsarki, amma Yesu ya kai maganar can ciki a Markus sura 7, inda ya ce abin da yake ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa, ya kuma lissafa mugayen tunani, sata, kwaɗayi, yaudara, hassada, yanke da girman kai. Ruwa ba ya kaiwa wannan wuri. A Littafi Mai Tsarki tsarkakewa tana ɗauke da ma'ana biyu da suke tafiya tare, wato a keɓe abu ya zama na Allah, sa'an nan a sāke halinsa har ya dace da wanda ya mallake shi.

Daga nan ne bambancin da ke tsakanin baratarwa da tsarkakewa yake fitowa, kuma wanda ya riƙe wannan bambanci da kyau ya warware rabin matsalar. Baratarwa magana ce ta gaban alƙali. Mai laifi ya tsaya, shaidu sun tabbata a kansa, amma aka yanke hukunci cewa an karɓe shi a matsayin mai adalci saboda adalcin Almasihu da aka lissafta masa ta wurin bangaskiya. Hukunci ne da ake yankewa sau ɗaya, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, kuma wanda ya ba da gaskiya jiya ba a baratar da shi ƙasa da dattijon da ya shekara hamsin cikin bi ba. Tsarkakewa kuwa aiki ne da ake yi a cikin mutum, yana da mafari, yana da ci gaba, kuma masu bi sun sha bamban a cikinsa. Malaman da suka taru a Wesminista ta Ingila suka tsara tambayoyi da amsoshi na koyar da bangaskiya a 1647 sun zaɓi kalmominsu da hankali a nan, domin sun kira baratarwa abin da alherin Allah ya zartar, tsarkakewa kuma aikin da alherin Allah yake gudanarwa, suka jingina duka biyun ga alheri guda.

Ikkilisiyar Koranti ita ce misalin da ya fi bayyana wannan. A farkon wasiƙarsa ta fari, Bulus ya kira su tsarkaka, waɗanda aka tsarkake cikin Almasihu Yesu. Amma duk wanda ya ci gaba da karatu zai tarar da mutanen da suka rabu ƙungiya ƙungiya, wannan na Bulus, wancan na Afolos, suna kai juna ƙara gaban mahukunta, akwai wanda yake zama da matar ubansa, wasu kuma suna buguwa a wurin jibin Ubangiji alhali matalauta suna zaune da yunwa. Bulus bai janye sunan da ya kira su da shi ba, bai kuma yi shiru a kan abin kunyar da suke yi ba. Hujjarsa a sura 6 ita ce an riga an wanke su, an tsarkake su, an baratar da su, saboda haka wannan hali bai dace da su ba. Ibraniyawa 10:14 ta haɗa abubuwan biyu a jimla ɗaya, inda ta ce da hadaya guda ya kammala har abada waɗanda ake tsarkakewa.

Bambanta abubuwan nan biyu bai ba kowa izinin raba su ba. Jon Kalbin, malamin Janiba na ƙarni na 16, ya kwatanta su da haske da zafin rana, waɗanda kowa ya san ba abu ɗaya ba ne, amma ba a taɓa samun ranar da ta ba da ɗaya ta hana ɗayan ba. Yawancinmu mun haddace Afisawa 2:8 da 9 tun muna makarantar Lahadi, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba, amma sau da yawa mukan tsaya kafin aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi. Wasiƙar Titus 2:11 da 12 ta ƙara fito da abin fili, domin ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Ke nan alherin da ya yafe wa mutum shi ne malamin da yake zaunar da shi yana yi masa tarbiyya, kuma wanda yake kafa hujja da alheri don ya ci gaba da zunubi yana faɗar abin da Bulus ya riga ya ƙi da kakkausar murya a farkon Romawa sura 6.

To, wa yake yin aikin, Allah ko mutum? Wannan gardama ta tsufa, kuma a ƙasar Afirka aka fi fafata ta. Wani malami mai suna Pelajiyus, mutumin Birtaniya da ya zauna a Roma, ya ga yadda Kiristocin birnin suka yi sakaci da rayuwarsu, abin ya dame shi ƙwarai. Da ya ji addu'ar Agustin, bishop na Hifo, garin da yake Annaba ta Aljeriya a yau, inda yake roƙon Allah ya ba da abin da ya umarta sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama, sai ya ga kamar ana ba malalata mafaka ne. Shi a ganinsa tun da Allah ya ba da umarni, to mutum yana da ikon cikawa da ƙarfin da aka halicce shi da shi. Agustin ya amsa cewa zunubi ya raunata nufin mutum kansa, har ya zama ba sanin daidai kaɗai yake bukata ba, yana bukatar a ba shi son yin daidai ɗin. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ta ƙi koyarwar Pelajiyus a 418. Bai kamata a manta cewa damuwar Pelajiyus ta gaskiya ce ba, maganin da ya kawo ne bai yi ba, kuma har yau duk wa'azin da ya ƙare da jerin abubuwan da za a yi ba tare da ya nuna inda ƙarfin yin su zai fito ba, maganin Pelajiyus yake rabawa ko da mai wa'azin bai taɓa jin sunansa ba.

Nassin da ya fi daidaita wannan al'amari shi ne Filibiyawa 2:12 da 13. A can Bulus ya umarci masu bi su yi ta aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, sa'an nan ya ba da dalili, cewa Allah ne yake aiki a cikinsu, shi yake ba su nufi, shi yake ba su aikatawa. Bai raba aikin kashi biyu ya ce Allah ya ɗauki rabi mutum ya ɗauki rabi ba. Aikin Allah shi ne dalilin da ya sa ƙoƙarin mutum yake yiwuwa, yake kuma da amfani. Manomi ya fi kowa gane wannan. Babu manomin da ya taɓa sa ƙwayar gero ta tsiro, kamar yadda Yesu ya faɗa a Markus 4 cewa iri yakan tsiro ya girma, mai shukar bai san ta yaya ba. Amma babu kuma manomin kirki da zai ce tun da Allah ne mai ba da ruwa da tsiro, bari ya kwanta a gida lokacin noman firi, ya bar maimai, ya ƙyale ƙuduji ya cinye gonar. Bulus ya faɗi haka game da kansa a 1 Korantiyawa 15:10, cewa ya fi sauran manzanni wahalar aiki, ya kuma ƙara da cewa alherin Allah da yake tare da shi ne ya yi.

Manyan rassan ikkilisiya sun bayyana wannan ta hanyoyi dabam dabam, kuma ba laifi a san su a taƙaice. Martin Luta ya ce mai bi mai adalci ne kuma mai zunubi a lokaci guda, mai adalci saboda Almasihu, mai zunubi idan aka dube shi shi kaɗai. Majalisar Katolika da ta zauna a Turent ta Italiya ta fitar da matsayinta a 1547, inda ta koyar cewa baratarwa ta ƙunshi gafarar zunubi tare da sabunta mutum daga ciki, kuma tana iya ƙaruwa. Ikkilisiyoyin Gabas, har da Kibɗawan Masar da Habashawa, sun fi jingina ga 2 Bitrus 1:4, wadda take magana a kan zama masu tarayya da halin Allah. Bambancin da ke tsakaninsu na gaske ne, bai kamata a shafe shi ba, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya yarda cewa mutum zai iya karɓar Almasihu ya ci gaba da zama yadda yake.

Gardamar da ta fi shafar majami'unmu kai tsaye ita ce ta ko mai bi yana iya kaiwa ga cikakkiyar tsarkakewa tun yana raye. Jon Wesli, wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791 kuma ya kafa tafarkin Metodis, ya koyar cewa bayan tuba akwai wani aikin alheri da zai iya cika zuciya da ƙaunar Allah da ta maƙwabci har zunubin ganganci ya rasa wurin zama. Ya yi hattara ya ce wannan bai kawar da kuskure, rashin sani ko gwaji ba, kuma ana iya rasa shi. Daga koyarwarsa ne ƙungiyoyin tsarki na ƙarni na 19 suka fito, daga cikinsu kuma ikkilisiyoyin Fentikostal na farko suka tsiro. A Nijeriya ikkilisiyar Deeper Life, wadda ta faro daga ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki da W. F. Kumuyi ya soma a Legas a 1973, tana koyar da tsarkakewa a matsayin aikin alheri na biyu. Akwai kuma tafarkin taron Kezik da aka fara a Ingila a 1875, wanda bai ce ana tumɓuke tushen zunubi ba, sai dai ya nanata miƙa kai gaba ɗaya da samun nasara ta wurin dogara ga Ruhu. Wannan tafarki ya yi tasiri a kan masu mishan da yawa na wancan zamani, har Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka iso ƙasar nan a 1893 suka fara aikin mishan na SIM wanda ya haifi ikkilisiyar ECWA, ya kafa irin wannan taro a Kanada. Saboda haka kiran da mukan ji a tarukan farkawa na a fito a sake miƙa kai yana da tarihi mai tsawo a bayansa.

Ra'ayina a nan shi ne mutanen Wesli sun yi gaskiya da suka ƙi yarda mai bi ya yi sulhu da zunubinsa, domin 1 Tasalonikawa 5:23 addu'a ce ta a tsarkake mu sarai, kuma ba a yin addu'ar abin da ba a sa rai da shi. Gaskiya ne kuma cewa akwai ranakun da Allah yakan yi wa mutum aiki mai zurfi a sa'a guda, mashayi ya ajiye kwalba bai sake komawa ba. Inda na tsaya shi ne da'awar cewa an gama. Bulus, yana ɗaure a kurkuku bayan shekaru masu yawa na hidima, ya rubuta a Filibiyawa 3:12 cewa bai riga ya samu ba, bai kuma zama cikakke ba, yana dai nacewa. Wasiƙar Yahaya ta fari 1:8 ta ce idan muka ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi. Abin da na lura da shi kuma shi ne wanda ya yi shelar cewa ya kammala yakan shiga wani hali mai wuya, domin ranar da ya yi fushi ko ya yi ƙarya dole ya nemo wa abin wani suna, ya kira shi kuskure ko rauni, kuma zunubin da aka sāke wa suna ba a tuba daga gare shi.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake rina baƙi. Marini yakan tsoma ƙyalle a cikin baba, ya ɗaga shi ya sha iska, launin ya fito da ɗan kore kafin ya juya shuɗi, sa'an nan ya sake tsomawa. Tsomawa ɗaya ba ta ba da launin da ake nema, kuma babu wata tsomawa guda da za a nuna a ce ita ce ta yi aikin. Haka abubuwan da ikkilisiya take kira hanyoyin alheri suke aiki, wato karatun Maganar Allah da jin wa'azinta, addu'a, jibin Ubangiji da zumuncin masu bi. Ba su ne suke tsarkake mutum da ikon kansu ba, su ne wuraren da Allah ya yi alkawarin saduwa da mutanensa. Yesu ya roƙi Uba a Yahaya 17:17 ya tsarkake almajiransa cikin gaskiya, ya ce Maganarsa ita ce gaskiya, Bulus kuma ya ce a 2 Korantiyawa 3:18 muna sākewa zuwa kamannin Ubangiji daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka yayin da muke duban ɗaukakarsa. Zumunci yana da muhimmanci na musamman a nan. Wesli ya tsara mabiyansa ƙungiya ƙungiya na kimanin mutum goma sha biyu, suna haɗuwa kowane mako ana tambayar kowa lafiyar ransa, kuma Zumuntar Mata a ikkilisiyoyinmu, idan ta tsaya a kan manufarta, irin wannan aiki take yi. Haƙuri, tawali'u da gafara ba a koyonsu a ɗaki a kulle, sai a cikin mutanen da suke ɓata wa juna rai.

Sai kuma tambayar yadda tsarkin yake idan ya bayyana. A nan ne nake ganin mun fi yin tuntuɓe, domin mun fi son ma'aunin da ido yake gani daga nesa, irin su ɗankwali, ɗankunne, tsawon siket da yawan azumi. Kamun kai a sutura abu ne mai kyau, azumi kuma Yesu da kansa ya yi shi, amma Kolosiyawa 2:20 zuwa 23 ta yi gargaɗi cewa dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana suna da kamannin hikima, duk da haka ba su da ƙarfin hana sha'awar jiki. Wanda yake son ya ga abin da Allah yake nufi da tsarki, ya buɗe Littafin Firistoci sura 19. Surar ta fara da umarnin a zama masu tsarki domin Ubangiji mai tsarki ne, sa'an nan ta shiga bayani: idan an yi girbi a bar kala domin matalauci da baƙo, kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, kada a zagi kurma, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe, kada a yi yawon tsegumi, a yi amfani da ma'auni na gaskiya, a ƙaunaci maƙwabci kamar kai. Yawancin abin da aka lissafa a gona, kasuwa da bakin ƙofar gida yake faruwa.

Na ga wannan da idona a wurin wata tsohuwa mai sayar da hatsi a kasuwar garinmu, wadda muke kira Mama kawai. Kamar yawancin masu awo, tana da mudu biyu, ɗaya na saye, ɗaya kuma wanda aka ɗan buga gindinsa ya shiga ciki, na sayarwa. Ta shekara fiye da ashirin tana cikin ikkilisiya, tana waƙa a zumunta, ba ta taɓa ganin wata alaƙa tsakanin mudun da bangaskiyarta ba, domin abin da ta tarar ana yi ke nan. Wata rana na je awo na ga mudu ɗaya ne a gabanta, na tambaye ta ina ɗayan. Ta ce, "Ɗana, an karanta mana Karin Magana, inda aka ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Na sha jin wurin, amma ran nan sai na ga kamar mudun nan nawa ake nunawa. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba, na huɗu na jefa shi a masai." Na ce mata, "Mama, ribar fa?" Ta ce ta ragu, ba ta ɓoye ba, ta kuma ce akwai mata biyu da ta daɗe tana yi wa awo waɗanda ta ƙara wa hatsi har na wasu watanni ba tare da ta gaya musu dalili ba, sai daga baya ta ga ya kamata ta gaya musu. Babu wanda ya kama ta, babu kwamitin da ya kira ta. Maganar da ta ji sau da yawa ce ta kama ta a ranar da Ruhu ya ga dama, ita kuma ta tashi ta yi abin da Zakka mai karɓar haraji ya yi a Luka 19, wato mayar wa waɗanda ya cuta haƙƙinsu.

A ƙasarmu akwai wani fanni na tsarkakewa da ya fi wannan nauyi, wato gafarta wa wanda ya zubar da jinin naka. Waɗanda suka ga rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001, da 'yan'uwanmu na ikkilisiyar EYN a Borno da Adamawa waɗanda aka ƙone majami'unsu aka kuma sace 'ya'yansu a Cibok a 2014, sun san cewa umarnin ƙaunar maƙiyi ba ya cikuwa da ƙarfin hali kawai. Bai dace wanda bai ɗanɗana ba ya tsaya yana ba su wa'adin ranar da za su gama yafewa, kuma gafara ba ta hana neman adalci. Sau da yawa takan fara ne da mutum ya daina roƙon masifa a kan wanda ya cuce shi, shekaru su wuce kafin ya iya roƙa masa alheri, wata rana kuma abin ya dawo sabo ya sake farawa.

Wanda ya rubuta umarnin a yi girma cikin alheri da sanin Ubangiji, a 2 Bitrus 3:18, shi ne Manzo Bitrus, mutumin da ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ya sake yin tuntuɓe shekaru bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki a ranar Fentikos, lokacin da ya janye daga cin abinci tare da masu bi na Al'ummai a Antakiya saboda tsoron mutane, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa kamar yadda Galatiyawa 2 ta nuna. Wannan ya kamata ya shafi yadda muke bi da wanda ya faɗi. Ikkilisiyoyinmu suna da tsarin horo, inda akan dakatar da mai laifi daga jibin Ubangiji, a wasu wurare har a ba shi benci na baya, kuma horo yana da tushe a Littafi, domin Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su fitar da mutumin da yake zama da matar ubansa. Matsalar ita ce mun fi ƙwarewa wajen sa mutum a horo fiye da fitar da shi, kuma horon yakan fi sauka a kan yarinyar da cikinta ya bayyana, ya tsallake mai kuɗin da yake danne ladan ma'aikatansa. Akan sanar da laifin a gaban jama'a, amma watanni su wuce babu dattijon da ya taka zuwa gidan ya zauna ya yi addu'a da mai laifin. A wasiƙarsa ta biyu, sura 2, Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti game da wani da aka hora, ya ce hukuncin da yawancinsu suka yi masa ya isa, yanzu su yafe masa, su ta'azantar da shi don kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, su kuma tabbatar masa da ƙaunarsu.